Injin da na ɗaura wa jirgin surukina

Ƙarfen nan mai tsatsa da ke ƙarƙashin gadona, wanda uwarku ta hana a ba maƙera har ta bar duniya, shi ne abin da mutanen garinmu ke kira injin Illa, wato da sunana. Kun tashi kun tarar maganar ta riga ta zama karin magana. In jaki ya ƙi tashi, ko saurayi ya cika baki bai aikata ba, sai a ce injin Illa ke nan. Na ji wasunku ma suna faɗin haka a gabana suna dariya, ni ma na taya su. To, yanzu duk waɗanda maganar za ta kunyata sun kwanta dama, saura ni kaɗai, kuma ba na so in bi su da ita a ciki. Injin nan ya yi tafiya. Abin da ya tsayar da shi, da dalilin da ya sa na bar shi ɗaure a gindin jirgi shekara da shekaru alhali na san ya mutu, shi zan rubuta muku.

Na dawo daga soja bayan an gama babban yaƙin Nasara, da ƙafafuna biyu da hannuwana biyu, abin da ba kowa ya samu ba. Ban harbi kowa ba, kada ku ƙara mini abin da ban yi ba. A garejin soja aka ajiye ni, ina wanke ƙarafa ina dakon batir, har hannuna ya iya wayar mota, ya zama in wutar kamyo, wato babbar motar kaya, ta ɓace ni ake kira in nemo ta. Da wannan ɗan sanin na dawo gida, ina ji da shi kamar ni na ƙera motar. Na tarar babanmu ya rasu, gona tana hannun Yaya Mahaman, Inna kuma tana nan da bakinta yadda na bar shi. A lokacin tabkin Keita tabki ne na gaske, ba wannan filin da kuke gani ana shuka a cikinsa ba. Ruwa ne har inda ido ya gaji. Amma mu Adarawa manoma ne, ruwa a wurinmu na shayar da dabba ne da wanki, kuma kowa ya yarda tabkin yana da masu shi waɗanda ba a gani. Mutum ɗaya tak ke hawa kansa, wani baƙo daga ƙasar Kabi da ya zo da katakon jirginsa a bayan raƙuma ya ɗinke shi a bakin ruwa. Ba wanda ya damu da sunansa, Bakabe ake ce masa. Matarsa ta rasu tun kafin ya zo, ƴa ɗaya gare shi, Hajo, mai kai kifin banda kasuwa. Ita ce uwarku.

Da na ce ita nake so, Inna ta ajiye mazarinta ta dube ni.

"Dut ɗiyan danginmu na Karohwane ba ka ga ko guda ba, sai mai warin kihi?"

An dai yi auren. Kuma duk gidanmu ba wanda ya kai Inna cin tarwaɗa daga baya, Allah ya jiƙanta.

Sai na tsaya na bayyana muku kunya, don ku ƴan yanzu kuna sa hannu a kwano ɗaya da surukanku, ba za ku gane sauran labarin ba. A zamaninmu, in na hango surukina a hanya, sai in cire takalmi in rage tsawo a gefe, in gaishe shi ina duban ƙasa. Ba na cin abinci inda zai gan ni. Ba na faɗin sunansa, shi ma ba ya faɗin nawa, Soja yake ce mini in ta kama dole. Duk wata magana da ta wuce gaisuwa, ta bakin Hajo take bi ta je ta dawo. Ba ƙiyayya ba ce, girmamawa ce, kuma Bakabe ya fi kowa riƙe ta, don baƙo ne, ba ya so a ce ya zo garin mutane bai san ya kamata ba.

Abu na biyu da za ku sani shi ne halin jirginsa. Ɗinkakke ne, katako da katako an haɗa su da igiyar kaba, an cusa tsumma a tsakani. Irin wannan jirgi ba ruwa ne abokin gabarsa ba, rana ce. In ta dake shi katako ya bushe ya tsage, ɗinki ya saki. Saboda haka duk sanda Bakabe zai kwana biyu bai shiga ruwa ba, sai ya karkata jirgin ya cika shi, ya ɗora masa duwatsu ya nutsar da shi a gefen tabki, katako ya sha ya kumbura, ɗinki ya matse. Haka ubansa ya yi, haka kakansa ya yi, kuma ba ya sakaci da wannan, kamar yadda ba ya sakaci da salla.

Shekara ta zagayo, mun samu yayarku Zali, sai wata safiya cikin damina Bakabe ya tashi hannunsa na hagu ya shanye. An yi rubutu an yi sassaƙe, bakinsa ya dawo daidai, ƙafa ta dawo, hannu ya ce shi kam ya tafi. Da hannu ɗaya yana iya ɗana mamari, wato doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi, yana iya janta yana taimakawa da haƙori da yatsun ƙafa. Abin da ba ya iyawa shi ne tuƙi. Jirgin ya kwana a ƙarƙashin duwatsu har aka fara yankan gero. Mun nemi yaron da zai riƙa tuƙa shi, ba uban da ya yarda ya ba masu tabki ɗansa. Ran nan Hajo ta dawo daga wurinsa, ta kawo mini fura, ta zauna a bakin ƙofa ba ta tafi ba.

"Baba ya ce in an gama girbi shina bin hwatake shi koma Kabi, wurin ƙanensa. Ya ce ba shi zama shina kallon ruwa ana ciyar da shi."

"Ke kuma fa?"

"Ni ɗai gare shi. In yat tahi, ina biye."

Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma na san uwarku, abin da ta faɗa a hankali shi ne wanda ba ta janyewa. Zali kuwa tana nono, inda uwa ta sa ƙafa nan za ta. Na ce ta koma ta gaya masa ni zan riƙa tuƙa shi, in koya. Kafin furar ta ƙare ta dawo da amsa.

"Ya ce a gode ma. Amma mijin ɗiyatai ba shi tuƙa shi, shina zaune awa kaya."

A nan ne wayar mota ta faɗo mini a rai. Ina da aboki, Isufu, mun yi soja tare, shi ke jan kamyon da ke bi ta garinmu ranar kasuwa daga Madawa. Shi ya gaya mini akwai wata kamyo da ta faɗa ƙorama a hanyar Buza, an jawo gawarta an yar a bayan gareji. Na je na yi wa mai garejin aikin waya na ƴan kwanaki, ladana na ce a ba ni dinamon gawar nan da tsofaffin batir biyu da ke da sauran numfashi. Dinamo shi ne ƙarfen da ke haifar wa mota wuta yana cika batir. Abin da na koya a soja shi ne, in ka juya lamarin ka ba shi wuta daga batir, sai shi kuma ya riƙa juyawa da kansa, ba hayaƙi ba ƙara. Ba zai yi gudu ba, amma mai ɗana mamari ba gudu yake so ba. Maƙerin garinmu ya yanka mini farfela daga ƙarfen duron mai, muka karkace fukafukanta a wuta, muka kafa ta a bakin doguwar sandar ƙarfe da ta bi ta cikin bututu. Sai na aika Hajo ta roƙar mini izinin taɓa jirgin. Amsa ta zo cewa in taɓa, amma kada in huda masa katako ko da ƙusa ɗaya.

Muka ɗago jirgin aka fara aiki. Bakabe yana zaune a gindin wata bagaruwa ya ba ni gefe, wai tabki yake kallo, amma duk abin da hannuna ya taɓa idonsa na kai. Tunda an hana ƙusa, sai na sassaƙa gungumen da dinamo zai zauna a kai, na rasa yadda zan kafa shi a gindin jirgi. Da na dawo daga sallar azahar na tarar an ɗinke shi da kaba ta cikin tsofaffin hudojin ɗinki, ɗaurin da ko bijimin sa ba zai tsinka ba, shi kuwa tsohon yana inda na bar shi yana tofar da zaren kaba. Na ci gaba da aikina. Batir kuwa da fari a baya na ajiye shi kusa da inji don waya ta yi gajarta, sai jirgin ya ɗaga hanci sama kamar raƙumin da ya ƙi linzami. Dole na mai da nauyin tsakiya. Waya in ta yi tsawo tana shan wuta a hanya, don haka na murɗa siraran wayoyi da yawa suka zama mai kauri ɗaya, na naɗe su da robar cikin taya, na bi da su ta leɓen jirgi ina ɗaurewa da tsirkiya, inda ƙafa ba za ta taka ba, ƙugiya ba za ta kama ba. Ɗaya na ɗaura mata jar fata a baki, ɗaya baƙa, na yi wa kawunan batir irin wannan alama don kada a sauya musu wuri, sa'annan na shafe kawunan da kitse saboda tsatsa. A tsakiyar jar wayar na sa wata ƴar siririya wadda za ta riga kowa narkewa in wayoyin suka haɗu, gara ita ta ƙone da jirgi ya ƙone. Makunni kuwa tsohuwar wuƙa ce na kafa a katako, in an tura ta da ƙafa sai ta faɗa tsakanin leɓuna biyu na jan ƙarfe, wuta ta wuce. Na yi wa batir akwati, na ɗora shi a kan itace biyu don ya fi ƙarfin ruwan da ke taruwa a cikin jirgi, na rufe shi da fatar akuya, na yi wa dinamo ma rigar fata. A ganina duk mai ido ya ga wannan rufi ya san me nake tsoro.

Ranar gwaji rabin gari ya zo, har da Inna, wadda ta ce ta zo ne ta ga inda za a binne hankalina. Na nuna wa Hajo yadda ake yi, ita ta nuna wa ubanta, ni ina tsaye a ruwa iya gwiwa. Ya shiga ya zauna, ya maƙale sandar juya inji, wadda ake karkata jirgin da ita, a hammatarsa ta hagu, hannun da ya mutu ya samu aiki. Ya tura wuƙar da babban yatsan ƙafa. Farfela ta motsa ruwa, jirgin ya zame ya bar gaɓa a hankali, ba mai tuƙi, ba ƙara sai wani ɗan gurnani. Mata suka ja da baya suna salati. Ya yi nisa ya kewayo, ya janye wuƙar, jirgin ya zo ya taɓa yashi a gabana. Ya dubi Hajo.

"Ce ma Soja hwatake su yi tahiyarsu."

Duk sanyin shekarar nan jirgin ya yi aiki, kuma akwai tsofaffin da suka gani da idonsu, sai dai dariya ta fi gaskiya daɗin riƙewa. Batir ɗaya yana jirgi, ɗaya yana yawo a kamyon Isufu yana cika, ranar kasuwa in kai wanda ya gaji a kan jaki in karɓo mai ƙarfi. Hidimar da ta rage ita ce ruwa. Batir na wancan zamani yana da ƴan murafu a ka, ruwan cikinsa yana raguwa, sai an ƙara masa, kuma ba kowane ruwa ba, sai na sama mai tsabta, wanda na tara a kwalabe tun damina. Wata rana ina durƙushe ina ɗura masa, sai na ji inuwa a kaina. Bakabe ne. Hajo ba ta kusa, abin kuma ya ci masa rai har ya tambaye ni da bakinsa.

"Shi ma shina sha?"

"Shina sha, Baba."

"In bai sha ba fa?"

"Sai shi mutu."

Ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa abin da ya daɗe da sani, ya koma gindin bagaruwarsa. Iyakar karatun da na taɓa yi masa ke nan a kan batir. Ba a zaunar da suruki a yi masa darasi kamar ɗan lakkwal, wato ɗan makarantar boko.

Da bazara ta kankama, Hajo tana gidan Inna da ciwon ido, sai kamyon Isufu ta karye ƙafa a Madawa. Ya aiko mini da batir ɗin da ya cika, ya ce in zo in taya shi gyara. Na sa mai ƙarfin a akwati kusa da ɗan'uwansa, na rufe, na tafi. Aikin da muka ce na yini ɗaya ya ci kwanaki. A can ne ma Isufu ya ba ni labari cewa wani sajan da ya san hannuna tun a soja yana neman mai waya a babban garejin gwamnati na Tawa, da albashi da ɗaki, kuma ya ce in ina so in zo kafin ruwa ya sauka. Na dawo ina tafe ina lissafin yadda zan koya wa wani sauya batir, in riƙa zuwa gida ina dubawa, ga tsoho a kan ruwansa, ga ni a kan sana'ata. Da la'asar na iso, ban ko biya gida ba na nufi tabki. Ban ga jirgi ba. Sai can na hango sandar juya inji ta leƙo daga cikin ruwa, da kan wasu duwatsu. Bakabe yana gindin bagaruwa, fuskarsa a sake.

"Soja, sannu da hanya. Iska ta hana shiga, ranag ga kuma ta yi zahi, katako ya hwara tsagewa, sai na nutsa shi. Abinka ma na ishe akwatin da zahi awa tanda. Na ce tunda ba ka nan balle ka ba shi, bari shi sha shi ƙoshi."

A nan take na gane rufin fatar da na yi, shi a ganinsa rana nake kare wa, don a duniyarsa rana kaɗai ke kashe kayan jirgi. Bai yi wauta ba, abin da ya gani da abin da na gaya masa ya haɗa. Da hannu ɗaya ya ɗauko duwatsun nan, ɗaya bayan ɗaya, a cikin wannan zafi, don ya kula mini da kayana. Na kuma san wani abu tabbas. Mutumin da ya gwammace ya bar gari da a ce mijin ƴarsa ya tuƙa shi, in ya ji shi ne ya hallaka dukiyar mijin ƴarsa, ba zai jira fatake ba, da ƙafa zai kama hanya. Na durƙusa na dubi ƙasa yadda na saba.

"Madalla, Baba. Allah shi saka da alheri."

Washegari na ɗago jirgin. Na buɗe murafun batir, laka ta cika su. Na ɗiga ruwan a harshe yadda muke yi a gareji, maimakon tsami mai cizo sai na ji ruwan tabki salam. Dinamo na warware shi na shanya, amma zaren da ke naɗe da wayoyin cikinsa ya riga ya jiƙe ya saɓule. Shi da wuya da wahala wataƙila a samu wani. Batir ne ba a samu. Shekarun bayan yaƙi ne, Isufu ya ce ko motar kumandan, Baturen mulki, tura ta ake yi. Na kwashe kayan na kai gida. Hajo ta dube su da idonta mai ciwo, ta dube ni.

"Ruwan na?"

"Ruwan na."

"In yaj ji..."

"Ba shi ji. Ke ma ba ki ji ba."

Na yini biyu ina juya abin. Tawa tana kira, kuma Allah ya sani ina son zuwa, don wayar mota ce abu ɗaya da na iya fiye da kowa a ƙasarmu. Amma in na tafi jirgi ya tsaya, in jirgi ya tsaya tsoho ya tafi, Hajo da Zali suna bayansa. A rana ta uku na mai da dinamo mazauninsa, na mai da batir akwati, na ɗaura ja a ja, baƙa a baƙa, na shafa sabon kitse kamar abin kirki. Sa'annan na je gindin bagaruwa na durƙusa.

"Baba, injin ya kamu da ciwo. Kayan Nasara haka su ke, suna yi suna gajiya. Ba a gane ciwon a tudu, sai bisa ruwa. Sai na shiga na saurare shi."

Ya dubi jirgin.

"Shiga," in ji shi.

Ya zauna a gaba da mamarinsa ya ba ni baya, ni ina gindi wurin inji. Na tura wuƙa, shiru. Na taɓa nan na taɓa can, na kara kunne a jikin ƙarfen da na san ya mutu. Sai na ce kafin ya tashi bari in ɗan tura mu, na ɗauki filafilin tuƙi. Ban taɓa riƙe shi ba. Jirgin ya kama kewaya wuri ɗaya, masu shayar da shanu a gaɓa suka riƙe ciki don dariya, a ranar aka haifi karin maganar da kuka gada. Bakabe bai waiwayo ba. Sai na ji yana magana da ruwa, wai shi kaɗai.

"Mai tuƙi ba shi hwaɗa da ruwa. Tsoma shi ka yi kusa da jirgi, shi ja a hankali, shi karkata hannu a ƙarshe."

Na tsoma kusa da jirgi, na ja a hankali, na karkata hannu. Jirgin ya miƙe. Haka na koyi tuƙi, da sanin inda tarwaɗa ke kwana, da karanta iska, duk daga bakin mutumin da ruwa yake gaya wa, ba ni ba. Kowace safiya in mun shiga sai in tura wuƙa in kara kunne, in ce, "Bai tashi ba, Baba." Shi kuma ya ce, "To, gobe." Sai in ɗauki filafili. Ni ba tuƙa surukina nake ba, gyaran inji nake. Shi ma ba mijin ƴarsa ke tuƙa shi ba, makaniki ne ya shigo aiki. Da bazara in za a nutsar da jirgi, tare da injin muke nutsar da shi, tunda na riga na ce madalla.

Ba zan ce muku abin bai ci mini komai ba. Na aika wa sajan cewa ba na zuwa, wanda ya karɓi aikin ya yi gidan kwano a Tawa, ƴaƴansa suka yi karatu mai zurfi, ku kuwa kun tashi da warin banda a riga. Yaya Mahaman ya ce wanda ya bar hauya ya bi ruwa ba ya bukatar gona, rabona ya narke a cikin nasa, ban yi shari'a ba. Inna ta ce ta haifi soja, ya zama makaniki, ya ƙare a bawan Bakabe. Duk wannan na haɗiye. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne dariyar, don a kan sana'ata ake yin ta. Kamyo takan mutu a kasuwarmu, in tsaya ina ganin wayar da ta tsinke daga inda nake, ba mai kirana, wa zai ba injin Illa motarsa? Har yau in na ji ƙarar tsohuwar kamyo raina yakan sosu. Amma Zali ta girma a gabana, ku duka an haife ku a ɗakin nan, kuma kakanku ya ci kifin hannunsa har ƙarshen ƙarfinsa.

Ciwon ajalinsa da bazara ya zo, bayan shekaru masu dama, lokacin tabkin ya fara ja da baya. Ya ƙi a kai shi cikin gari, sai muka yi masa rumfa a gindin bagaruwar nan inda zai riƙa ganin ruwa. Wata azahar Hajo tana yi masa fifita, ni ina durƙushe daga nesa kaɗan yadda ya kamata, jirgin yana gaɓa rana tana dukansa, don hankalinmu duk ya bar kansa. Sai na ji ya kira.

"Illa."

Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Na matso.

"Rana ta yi zahi. Tahi ka nutsa jirgin."

"To, Baba."

Na yunƙura zan tashi, ya ɗaga hannunsa mai rai.

"Amma ka hwara hidda abinka. Ba shi son ruwa."

Na dubi Hajo. Ta girgiza kai, hawaye na zuba, ita ba ta taɓa faɗa ba. Tsohon idonsa na kan tabki, bai dube ni ba, kunyarsa tana nan har a lokacin.

"Tun randa kac ce madalla na gane," in ji shi. "Ba a godiya da irin muryag ga."

Na gangara gaɓa. Na kwance ja, na kwance baƙa, na fid da akwatin. Ɗaurin kabar da ya yi da haƙorinsa ya ƙi kwantuwa, sai da na sa wuƙar makunnin na yanke shi. Na rungumo dinamon na hau da shi tudu, na ajiye a inuwa kusa da shimfiɗarsa inda zai gani, na rufe shi da rigarsa ta fata. Sa'annan na koma na karkata jirgin, na ɗora duwatsu.